Makarantar Tsakar Gida

Ina roƙon iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai su ba ni aron hankalinsu, domin in ɗan yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafe mu baki ɗaya. Al'amarin kuwa shi ne yadda yaro zai ci gaba da karatu a gida idan an rufe makaranta, malaminsa yana can nesa, sai dai ya ji muryarsa ta akwatin rediyo ko ta waya. Mutane da yawa sun ɗauka wannan harka ta masu hannu da shuni ce, waɗanda ke da kwamfuta da intanet da janareto. Ni kuwa abin da na gani da idona ya nuna mini cewa babban abin da yaro ke bukata a irin wannan hali shi ne wani babba a cikin gida, wanda zai tsare masa lokacin karatu, ya kuma zauna ya saurari abin da ya koyo. Wannan aiki kuwa ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya yin sa.

Kowa dai ya san abin da ya auku a shekarar 2020. Ran 27 ga watan Fabrairu aka sami mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, a can Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantun ƙasar nan kaf, tun daga firamare har jami'a. A jiharmu ta Kaduna har da dokar hana fita aka kafa, aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a da majami'u. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, gama hukumar UNESCO ta ce ɗalibai fiye da biliyan 1.5 ne suka zauna a gida a duniya a lokacin da annobar ta yi tsanani. Ni a wannan shekara ina da shekara 11, ina aji shida na firamare a Zariya, muna tsakiyar shirin jarrabawar shiga sakandare. Da fari an ce mana hutun kwana 30 ne. Kwana 30 ɗin nan sai da ya kusa kai wata bakwai.

Da aka ga abin ba mai ƙarewa da wuri ba ne, sai gwamnatocin jihohi da dama, irin su Kaduna da Legas da Ogun, suka soma sa darussa a gidajen rediyo da talabijin. Makarantun kuɗi na manyan birane kuma suka koma aika wa yaransu aiki ta WhatsApp, wasu ma suna ganin malamansu ido da ido ta Zoom. Duk da haka, a watan Agusta na wannan shekara asusun UNICEF ya ba da rahoton cewa yara aƙalla miliyan 463, wato kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su sami hanyar yin karatu daga nesa ba ko kaɗan.

Da a ce kayan aiki ne kaɗai ke yin karatu, da mu ma mun shiga cikin wannan lissafi. Mahaifina tela ne, shagonsa kuwa a rufe yake. Babbar waya ɗaya ce tak a gidanmu, ta yayana, ita ma ba kullum take da data ba. Wutar lantarki kuwa sai ranar da aka ga dama. Abin da muke da shi kawai shi ne tsohuwar rediyon Baba mai cin batir biyu, wadda yake jin labaran duniya da ita tun kafin a haife ni.

To, a nan ina so mai karatu ya lura da wani abu. Malamin rediyo ba ya ganin ɗalibinsa. A cikin aji, idan malami ya ga mun yamutsa fuska ya san ba mu gane ba, sai ya maimaita. Idan ya ga wani yana gyangyaɗi sai ya kira sunansa. Amma malamin rediyo magana kawai yake zubawa, abin da ya wuce ya wuce, ba ɗaga hannu, ba tambaya. Da na zauna na yi tunani daga baya, sai na ga abubuwa uku ne makaranta ke ba mu waɗanda rediyo ba za ta iya bayarwa ba: ƙararrawa, da kunnen malami, da jan biro. A gidanmu Allah Ya taimake mu, mutum uku suka raba waɗannan ayyuka a tsakaninsu ba tare da sun yi wata doguwar shawara ba.

Baba shi ne ya zama ƙararrawa. Ya tara mu, ni da ƙannena biyu, ya ce: "Daga yau, da zarar hantsi ya yi makaranta ta buɗe a gidan nan, ba kuma za a tashi ba sai an kira azahar. A tsakanin nan ba aike, ba wasa, ba wanda zai leƙa ƙofar gida." Kafin lokacin sai mun yi wanka, mun karya kumallo, mun shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar darbejiyar da ke tsakar gida, kowa da littafinsa da fensirinsa. Shi da kansa yake murɗa rediyon ya kamo tasha, ya ajiye ta a kan turmin da aka kife. Duk da babu ciniki, bai taɓa bari batir ya ƙare ba. Abin da ya yi shi ne ya rage nasa sauraron. Mutumin da ba ya barin labaran safe da na rana da na dare su wuce shi, sai ya koma jin na dare kaɗai, don batir ya kai mu mako. Ban san nauyin wannan abu ba sai da na ƙara girma.

Wannan doka ta Baba ta fi yi mini amfani fiye da ƙannena maza. Kowa ya san yadda zaman 'ya mace yake a gida. In dai tana nan, ita ce mai shara, ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai goyon ƙane, ita ce kuma za a aika kanti sayen magi. Ba mugunta ke kawo haka ba, sabo ne, ana ganin ai tana zaune ba ta yin kome. Inna ta gyara wannan da dabara. Ta mayar da aikina na gida zuwa sassafe da kuma bayan la'asar, ta ɗora wa ƙannena ɗiban ruwa da share ƙofar gida, abin da ya rage kuma ta ɗauka da kanta. Ko da azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, ba a rushe makarantar ba, rage tsawonta kawai aka yi.

Inna kuma ita ce ta zama kunnen malami, nan ne kuwa labarin ya fi daɗi. Mahaifiyata ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Makarantar allo ta yi, ta sauke Alƙur'ani, tana kuma karanta ajami. Da zarar darasi ya ƙare an kashe rediyo, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, tana tsince shinkafa ko tana gyaran wake, ta dube ni ta ce: "To Malama, zo ki biya mini. Me mutumin nan ya ce yau? Amma da Hausa za ki faɗa, ni ba na jin yarenku."

Wata rana malamin lissafi ya koyar da yadda ake haɗa 1/2 da 1/4. Ya ce sai an mayar da lambobin ƙasa sun zama iri ɗaya tukuna, sa'an nan a haɗa na sama. Na biya wa Inna ƙa'idar kamar yadda aka faɗe ta. Sai ta ce: "Don me sai sun zama iri ɗaya? Wa ya ce?" Malamin rediyo kuwa bai faɗi dalili ba, ko kuma ya faɗa a lokacin da iska ta ɗauke maganar. Inna ta tashi ta ɗauko waina biyu da suka rage daga karin kumallo. Ta raba ɗaya gida biyu, ta raba ɗayar gida huɗu. Ta ɗauki rabi ta ajiye, ta ɗauki kwata ta ajiye kusa da shi, ta ce: "Idan mai saye ya tambaye ni nawa ne wannan, ba zan ce biyu ba, don ba girmansu ɗaya ba. Amma dubi." Ta sa wuƙa ta raba rabin nan biyu. "Rabi ai kwata biyu ne. Yanzu ƙirga." Na ƙirga, kwata uku. Nan take na gane abin da ya sa ake mayar da 2 ta ƙasa ta zama 4. Har yau da nake aji biyu na babbar sakandare, duk lokacin da aka kawo irin wannan lissafi, ko da haruffa aka sa a maimakon lambobi, wainar nan nake gani a gabana.

Ba kullum Inna take da amsa ba. Idan Turanci ne ko kimiyya, sauraro kawai take yi, tana cewa "Uhm, sai kuma me?" Amma wannan sauraron shi ne maganin. Duk wanda ya san za a tambaye shi bayan darasi, ba ya sauraro da rabin kunne. Haka nan abin da mutum ya iya juyawa zuwa harshen uwarsa har wani ya fahimta, ya zama nasa ke nan, ba aro ba. Ita Inna ba wata sabuwar hikima ta ƙirƙiro ba. Ta ce haka aka yi musu a makarantar allo, ba a barin yaro ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya karatunsa daidai.

Jan biro kuma ya faɗa hannun Yaya. Shi ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, ga annoba ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i, wanda aka soma ran 23 ga Maris ba a janye ba sai ran 23 ga Disamba na wannan shekara. Ya sami gefe guda na bangon zaurenmu ya goge shi da dakakken gawayi har ya yi baƙi, ya zama allo. Kowace yamma yakan duba littattafanmu, ya ba mu maki, ya rubuta kwanan wata. Sa'an nan ya yi wata dabara da ta rage mana babbar matsalar rediyo. Yakan ajiye wayarsa kusa da akwatin ya ɗauki muryar malamin, in ya so da dare mu sake sauraro, mu tsayar a inda ba mu gane ba. Wannan ba ya cin data ko ta kwabo, caji kawai yake so. Bayan an sassauta dokar hana fita a watan Yuni, yaran maƙwabta uku suka riƙa zuwa zauren, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, ga buta da sabulu a bakin ƙofa.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, sai bambanci ya fito fili. Waɗanda aka tsare wa lokaci a gida, ko da rediyo ko babu, sun dawo hannunsu bai manta da fensir ba. Wasu kuwa sai da malami ya koma da su baya ƙwarai. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne kujerun da suka zauna babu kowa. Akwai wata ƙawata da muke zama benci ɗaya tun aji uku. A lissafi ta fi ni nesa ba kusa ba, ita ce ma take nuna mini. A gidansu akwai rediyo, har da talabijin. Amma mahaifinta ɗan kasuwa ne, kulle ya karya masa jari, sai aka ɗora mata tallan abinci daga safe har yamma. Da aka buɗe makaranta ta zo na 'yan kwanaki, ta ga an yi mata nisa, kunya ta kama ta, ta daina zuwa. Ba ta zauna jarrabawar ba. Duk hutun da na je gida nakan gan ta, mu gaisa, ta tambaye ni abin da ake koya mana. Ba na ganin laifin iyayenta, domin yunwa ba ta san jarrabawa ba. Sai dai nakan ce a raina, da an bar mata ko awa ɗaya a yini, da wataƙila yau tana nan cikinmu tana karanta wannan mujalla. Haka nan akwai yara maza da suka bi sana'a a wannan lokaci, suka ɗanɗana kuɗi, ba su sake waiwayar aji ba.

Kada wani ya ce karatu daga nesa baƙon abu ne da annoba ta kawo mana. A darasin tarihi an koya mana labarin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo wurinta ba, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Kowane ayari yana da shugaba da ake kira jaji, wadda za ta zo ta ɗauki karatu a wurin Nana, ta koma ta koyar da mata a garinsu. A zamanin kakanninmu kuma, mutane da yawa sun ci jarrabawa ta hanyar gidan waya, ana aiko musu da darussa daga makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila, su yi aikin a gaban fitilar ƙwai su mayar. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta horar da malamai masu yawa suna zaune a garuruwansu. A duk waɗannan, saƙo ne ke tahowa daga nesa, amma mai raya shi yana kusa, ko jaji, ko miji, ko uwa, ko wani ɗan'uwa da ya ce a yi wa wane shiru yana karatu.

Mai karatu zai iya cewa, ai korona ta wuce, me ya kawo tone-tone? Gaskiya ne, tun ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annobar ta fita daga matsayin dokar ta-ɓaci. Amma mu 'yan makarantar kwana mun fi kowa sanin cewa ba cuta ce kaɗai ke rufe makaranta ba. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A watan Fabrairu na 2021 aka yi na Kagara, aka kuma kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Bayan waɗannan, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana, wasu na makonni, wasu na watanni. A watan Satumba na 2024 ambaliyar ruwa ta mamaye Maiduguri bayan madatsar Alau ta ɓalle, aka rufe makarantu, wasunsu ma suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Muna roƙon Allah Ya kiyaye gaba, amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina da 'yan shawarwari ga iyayenmu, tare da ladabi da neman afuwa idan na yi rashin kunya. Na farko, idan an dawo muku da yara gida ba lokacin hutu ba, a yanke musu lokacin karatu tun daga ranar farko, ko da awa biyu ne, a kuma riƙe shi kamar yadda ake riƙe lokacin cin abinci. Yaro in ya yi wata guda bai buɗe littafi ba, komawa takan yi masa wuya. Na biyu, a raba aikin gida tsakanin maza da mata, don kada karatun 'ya mace ya zama shi ne abin da ake fara yankewa. Idan talla ta zama dole, a bar mata safiya ko yamma. Na uku, a tambayi yaro abin da ya koya, ya faɗa da Hausa. Kada uwa ta ce ni ban yi boko ba. Wadda ta iya auna hatsi da mudu, ta iya ba da canji, ta iya lissafin adashi, tana da abin da za ta koyar. Na huɗu, kafin a tafi kowane hutu a karɓi lambar wayar malami ko ɗaya, a kuma tabbata yaro ya zo gida da littattafansa, bai bar su a akwati a ɗakin kwana ba. Wanda Allah Ya hore wa babbar waya, akwai dandalin karatu na kyauta mai suna Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Sai dai a zauna kusa da yaron, domin wayar da ke ɗauke da darasi ita ce kuma ke ɗauke da wasanni da finafinai.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, yanzu fa mu ne yayye. A nan makaranta an saba mana da ƙararrawa, ita ke tashin mu da asuba, ita ke kai mu aji, ita ke zaunar da mu karatun dare. Ƙannenmu da ke gida ba su da wannan gata. Dogon hutu yana tafe. Kowannenmu yana da ƙane ko ɗan maƙwabta wanda bai iya haɗa baƙi ba tukuna, ko wanda jadawalin sau bakwai ke ba shi wahala. Gawayi ba ya tsada, bango kuma kowane gida akwai shi. Mu ba su awa ɗaya kowace safiya, mu duba aikinsu, mu yaba musu in sun yi daidai, mu kuma rage saurin hannu in sun yi kuskure. Wanda ya koyar ma yana ƙaruwa, don Yaya ya sha faɗa mini cewa sai da ya koya mana nahawun Turanci sa'an nan ya gane wasu ƙa'idojin da ya haddace tun yana sakandare.

Daga ƙarshe ina miƙa godiya ga iyayenmu mata da maza, waɗanda suka hana kansu don mu samu, da malaman da suka yi ta magana a gaban na'ura ba tare da sun ga fuskar ko ɗalibi ɗaya ba. Allah Ya saka musu da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya bar mana makarantunmu a buɗe, Ya kuma ba mu ilimi mai amfani. Amin.